Wa Yaro Zai Gaya Wa?

A gidan da na tashi, cikin birnin Zariya, ba a saba ganin uba ya zaunar da ɗansa ɗan shekara 15 yana tambayarsa abin da ke damunsa ba. Ba rashin ƙauna ba ne. Kunya ce, kuma a kanta aka gina tarbiyyarmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ma ana yabonsa sai ta kawar da kai. Tsakaninka da mahaifinka kuwa gaisuwar safe ce a durƙushe, sai aike, sai faɗa ranar da ka yi laifi. Wanda ya hango wannan daga nesa zai ɗauka yaran gidan a takure suke, ba su da wurin kai kuka. Alhali wuraren kai kukan suna da yawa, sai wanda ka zaɓa.

Akwai kaka, wadda al'ada ta ɗaure mata gindin yin wasa da jika. Ita ce za ta dubi kwanonka ta ce, "Maigida, yau kuma wa ya taɓa mini kai? Ko loma biyu ba ka yi ba." Ka ce, "Ba komai, Hajiya." Ta ce, "Ba komai ba ta hana mutum cin tuwo. Matso nan." Kafin a kira sallar isha'i ta san komai, kuma ta san yadda za ta isar da shi kunnen mahaifinka ba tare da an kira sunanka ba. Akwai kawu, wanda za ka iya gaya wa kana bin wani bashi ko wani yana bin ka. Akwai gwaggo da inna, waɗanda yarinya ke tunkara ranar da ta fara ganin al'ada, ta fito daga ɗakinsu ta san abin da ya same ta ba cuta ba ce. Akwai taubasai, da ake faɗa musu gaskiya cikin tsokana. Saurayin da ya balaga ba ya jiran ubansa ya yi masa bayani. A makarantar dare, gaban malami da Ahalari ko Ishmawi a hannu, yake koyon wankan tsarki tare da tsaransa, ya kuma gane cewa ba shi kaɗai ba ne jikinsa ke sauyawa.

In ka fita ƙofar gida kuma wata duniyar ce. Bayan magariba magidantan layi kan fito da akussansu a yi ciyayya a kan tabarma, samari su ma da nasu rukunin a gefe. Da farin wata 'yan mata na gaɗa a dandali, maza na langa da kokawa. In azumi ya kai kwana goma sai tashe. Da damina, a ƙauyukan da muke zuwa hutu, akwai gayya, inda saurayi ke nuna ƙarfinsa a gonar wani, a ci a sha a yi masa kirari. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya ba da labarin yadda 'yan mata ke ƙulla ƙawance irin na har abada, da yadda yara ke da ƙungiyoyinsu da sarautunsu. Mu mun tarar da ƙarshen wannan zamani.

Abin da nake so a lura da shi a duk wannan shi ne, yaro ba ya ɓacewa. In bai fito langa ba za a biyo shi gida. In bai zo makarantar dare ba malam zai aiko. In ya rame, mai kokon bakin layi ma za ta tambayi uwarsa. Kuma ana bukatarsa: akwai ɗiban ruwa, akwai rakiyar amarya, akwai ɗaukar gawa zuwa maƙabarta, akwai gyaran zaure kafin saukar ruwa. Matashin da ya san ana jiransa a wani wuri gobe da safe, daban yake kwana da wanda ya san ko bai tashi ba babu mai nemansa.

Yadda abin ya warware kowa ya gani da idonsa. Aikin albashi da kasuwanci suka fitar da mutane daga gidajen gado. Aka yanka filaye a bayan gari, kowa ya ja katanga ya sa ƙofar ƙarfe. Uba ya fita tun asuba, ba zai dawo ba sai yara sun yi barci. Uwa ma sau da yawa tana wurin nema, don tsadar rayuwa ba ta bar kowa ya zauna ba. Filin da ake ƙwallo aka mayar da shi shaguna. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, bayan wasu shekaru kuma ta zama talabijin da kasuwa da dandali a tafin hannu. Rashin tsaro ya zo ya rufe sauran ƙofofin: bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disamba 2020 da Jangebe a Fabrairu 2021, an rufe makarantun kwana da dama, iyaye kuma suka ƙara ƙulle 'ya'yansu, kuma babu mai ganin laifinsu. Sai wata magana da ta zama ruwan dare, wadda da can ba a jin ta: "Kada wanda ya ƙara taɓa mini ɗa." Daga ranar da maƙwabci ya ji wannan, ya daina tsawatarwa, ya kuma daina dubawa.

Amma akwai abin da bai canja ba, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. Mun tashi daga babban gida mun taho da kunyarmu cif, mun baro kaka da kawu da gwaggo a can. Har yau uba Bahaushe ba ya iya zama da ɗansa su yi maganar balaga ko ta soyayya ko ta baƙin ciki. Har yau yarinya ba ta iya duban idon uwarta ta ce wani yana damunta da saƙonni da dare. Tsarin namu kamar murhu yake mai duwatsu uku: iyaye da kunyarsu, dangi da sakin fuskarsu, unguwa da idonta. An zare biyu an bar ɗaya, ana kuma mamakin tukunya ta karkace. Yaron yau yana zaune a gida mai ɗaki huɗu da mutum biyu da yake jin nauyinsu, da ƙanne da ba za su gane ba, da waya.

Na yi shekaru ina koyarwa a makarantar sakandare, kuma maganar da na fi ji daga bakin iyaye ranar da abu ya ɓaci iri ɗaya ce: "Wallahi Malam, ban san yana sha ba. Kullum yana ɗakinsa, ko ƙofar gida ba ya fita." Suna faɗin haka ne don su nuna sun yi iyakar ƙoƙarinsu, kuma gaskiya suke faɗa. Sun ɗauka yaron da ke cikin ɗaki ya tsira. Shirun nan da suka ɗauka natsuwa ce, sau tari shi ne alamar farko ta ciwon.

Masana lafiya sun daɗe da sanin haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, ciwon damuwa da fargaba na cikin waɗanda suka fi yawa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori suna somawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Wato shekarun da muke cewa "ƙuruciya ce, zai daina" su ne shekarun da ciwon ke kafa saiwa. A 2023 hukumar ta kafa kwamiti na musamman kan zumunci da kaɗaici, rahotonsa kuma ya fito a Yuni 2025. Ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya na jin kaɗaici, kuma matasa ne suka fi kowa, ba tsofaffi ba. Abin da ya fi girgiza ni a ciki shi ne, a ƙasashe matalauta kusan kashi 24 cikin 100 ne ke jin kaɗaici, a ƙasashe masu arziki kuwa kusan kashi 11. Mun daɗe muna faɗa wa juna cewa kaɗaici ciwon Turawa ne, mu muna da dangi. Yawan jama'a a layi bai hana yaro rasa wanda zai gaya wa maganarsa ba.

Kuma kaɗaici ba a zuciya kawai yake tsayawa ba, yana sauka a jiki. Matashi na bukatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma da ma balaga na jan lokacin barcinsa zuwa can cikin dare. In ya haɗa da tunani da hasken waya, sai asuba ta same shi ido biyu, ya tafi aji kai na sara. Wanda ke cin abinci shi kaɗai yakan ci abin da ya samu ko ya bari gaba ɗaya, babu mai ganin kwanon. Wanda ba ya fita wasa jikinsa ba ya motsi. Damuwar da ba a furta ba takan fito a matsayin ciwon kai, ciwon ciki, faɗuwar gaba, a yi ta zarya tsakanin kemis da mai magani ana maganin taifot da shawara. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke taka wa mutum birki kuwa ba ya gama nuna sai an haura shekara 20, shi ya sa matashi ke aron hankalin waɗanda ke kusa da shi. In na kusa da shi kawunsa ne, ya ari na kawu. In babu kowa sai mai sayar da ƙwaya, nasa zai ara.

Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 1997, ya tattauna da 'yan sakandare fiye da 12,000 a gidajensu. Abin da aka gano shi ne, yaron da yake jin yana da kusanci da iyalinsa, yake kuma jin malamansa sun damu da shi suna yi masa adalci, ya fi samun kariya daga kusan duk abin da aka auna: shan taba, shan giya, ƙwaya, tashin hankali, tunanin kashe kai. Ba tsananin doka aka auna ba, ba yawan duka ba. Jin cewa wani ya san da kai aka auna.

Mu a nan ba sai an kawo mana misali daga nesa ba. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu mai sa maye a shekarar da ta gabaci binciken, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A 2018 ɗin ne kuma BBC ta fitar da fim ɗinta kan maganin tari mai kodin, wanda ya nuna halin da matasa ke ciki a Kano, gwamnatin tarayya kuma ta hana yin sa da shigo da shi a farkon Mayu. Hanin ya yi amfani, amma bai tambayi dalilin da ya sa budurwa 'yar shekara 17 za ta kulle ɗaki ta juye kwalba a cikin lemo ba. Kodin ya yi wuya, aka koma tiramol da sauran ƙwayoyi da haɗe-haɗe. Ƙishirwar tana nan, kofi kawai aka sauya.

A nan dole a faɗi wata gaskiya: abota kanta takan zama hanyar cuta. Da wuya ka ga wanda ya fara shaye-shaye shi kaɗai. Aboki ne ke miƙa masa na farko. Majalisar da ke bakin layi ita ce ke haɗa kuɗi ta kai ɗan'uwa asibiti, ita ce kuma wani lokaci ke koya wa ƙaramin cikinsu zuƙar sholisho. Ɗan daba ma zumunci yake nema, kuma yana samu: ana kiransa da suna, ana rama masa, ana tambayarsa in bai fito ba. Duk abin da gida da unguwa suka daina ba shi, daba ta ba shi, ta karɓi lafiyarsa a madadi. Bambancin dandalin da da majalisar yau ba a yaran yake ba. Da can akwai dattijo a kan dakali nesa kaɗan, bai sa baki ba, amma yana ji. Yau tsara ne da tsara kawai, daga su sai su.

Ba kuma zan ce zamanin da aljanna ba ne, don wanda ya faɗi haka ya zalunci waɗanda suka sha wuya a cikinsa. A cikin wannan babban gidan ne ake aurar da yarinya jikinta bai yi ƙwari ba, ta je haihuwa ta dawo da yoyon fitsari. A cikinsa ne ake binne cin zarafin yaro da sunan rufin asirin dangi, musamman in mai laifin na gida ne. Yaron da ciwon damuwa ya kama akan ce miskili ne ko aljanu ne suka shafe shi. Idon unguwa yana karewa, yana kuma tona asiri, yana yanke hukunci ba tare da sauraro ba. Ba waɗannan nake kewa ba, kuma ba na fatan su dawo. Abin da nake kewa guda ne: yawan manyan da yaro ke da hanyar isa gare su ba tare da tsoro ba.

Abin takaici shi ne maganin da muka fi gudu zuwa gare shi in yaro ya lalace: a ɗauke shi a kai shi nesa, a raba shi da kowa. A Satumba 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani gidan horo a Rigasa, Kaduna, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa. Iyaye ne suka kai mafi yawansu da hannunsu, kuma na yi imani da yawansu ƙauna da rashin mafita ne suka kai su. Amma an yi wa ciwon kaɗaici magani da ƙarin kaɗaici. Alhali tun 1954 wani likita ɗan ƙasar nan, Dakta Thomas Adeoye Lambo, ya nuna wata hanya a Aro kusa da Abeokuta. Maimakon ya kulle masu taɓin hankali a bayan katanga, sai ya sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowane da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti da rana suna kwana cikin jama'a. Duniya ta zo ta koya daga gare shi. Mu kuwa sai a Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa da Kware da Maiduguri kuma sun yi kaɗan ƙwarai ga yawan al'ummar da ke dogara da su. Ba za mu taɓa samun likitan da zai ishi kowane yaro ba. Kawu kuwa kusan kowane yaro yana da shi.

Ƙasar Aislan, can arewacin Turai, ta taɓa shiga irin halinmu. A 1998 kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu da giya a watan da ya wuce. Zuwa 2016 adadin ya sauko zuwa kashi 5. Ba wa'azi suka ƙara ba, don sun gwada gargaɗi a aji sun ga bai hana ba. Sun sa iyaye su ƙara yawan lokacin da suke tare da 'ya'yansu, su san abokansu da iyayen abokansu. Sun sa dokar komawa gida da dare ga ƙananan matasa, iyayen unguwa na zagayawa tare. Sun zuba kuɗi a wasanni da kiɗa da sana'o'in hannu, don kowane yaro ya sami wurin zuwa bayan makaranta inda akwai babba mai kula. Duk wanda ya tashi a unguwar Bahaushe ta da zai gane wannan tsari, don shi ne muka bari ya zube. Su da kuɗin gwamnati suka gina shi. Mu kyauta muka gada.

Game da waya, ra'ayina ya bambanta da na abokaina da yawa. Ban yarda ita ce tushen ciwon ba. Ta zo ne ta tarar da gurbi ta cike. Na ga ɗalibar da ƙawayenta na WhatsApp ne suka fara lura ta daina magana, suka je gidansu. Na kuma ga wanda TikTok ya cinye masa dare har ya daina gane karatu. Ƙwace waya daga hannun yaro ba tare da ba shi mutum a madadinta ba, rufe masa taga ɗaya da ta rage ne. A fara kawo mutumin, sannan a yi maganar awannin waya.

Ba za a koma gidan gado ba, kuma ba kowa ne zai iya ɗauko kaka ya zaunar a gidan haya ba. Amma akwai abin da ke hannunmu. Uban da kunya ta hana shi magana da ɗansa, ba sai ya karya al'adarsa ba. Ya kira ƙanin matarsa ko amininsa ya ce, "Ga ɗanka nan, ka riƙa jansa a jiki," ya kuma bar su su yi sirrinsu ba tare da ya nemi rahoto ba. A riƙa tura yara hutu wurin dangin da aka amince da su. A ci abincin dare tare ko da sau biyu ne a mako, kwano a tsakiya. Masu unguwanni da limamai su tsaya kan filin ƙwallon da ya rage kada a sayar. Malamin aji da na Islamiyya su riƙa tambayar yaron da ya yi fashi kafin su ɗauki bulala. In kuma yaro ya daina ci, ya daina barci, ya janye daga abokansa na makonni, ko ya fara maganar gara ya mutu, a haɗa addu'a da asibiti a rana ɗaya, kada a jira.

Kai kuma mai karatu, in kai kawun wani ne ko baffansa, in ke gwaggo ce ko inna ko yaya, akwai matashin da al'ada ta ba ka hurumin da ba ta ba iyayensa ba. Ka je gidan a makon nan. Kada ka tsaya a falo wurin manya. Ka nemi yaron, ka fita da shi, ka tambaye shi yadda yake, kuma in ya ce ba komai, ka ƙara tambaya.